Gonar da ta karkace

Ni Jailosi Luhanga na Rumphi nake rubuta wannan da hankalina cikakke, ko da yake marigayiya uwarku ta sha cewa da ma can ba shi da yawa. Likita ya daina hana ni gishiri, na kuwa gane nufinsa.

Na ɗaya. Ɗana Vitumbiko ba rago ba ne. A karanta wannan a wurin jana'izata kafin a rarraba tuwon sima, don na san mutanenmu, in suka ƙoshi ba sa ji.

Shekarar da na raba muku gona, da igiya na auna: taki sittin a tsaye, arba'in a kwance, kowa daidai da ɗan'uwansa. Na yi ta taƙama, ni mai aji huɗu. Ta Wongani ta zauna sosai kamar ƙofa, ta Vitumbiko kuwa na biyar da ita bakin rafi, ta kishingiɗa. Wongani ya riƙa ɗaukar buhu goma sha biyu na masara, ƙanensa tara. A gaban surukansa na kira Vitumbiko Sarkin Inuwa, aka yi dariya, sunan ya bi shi har coci.

Na biyu. Lusungu 'yata, da kika fara koyarwa kin zaunar da ni da kwalin ashana. Kika ce siffofin nan masu gefe huɗu 'yan gida ɗaya ne, gefe da mai kallonsa tsawonsu ɗaya, amma akwai mai tsayuwa sak, akwai mai jingina. Kika danne kwalin, gefunan ba su ragu ba, cikin ya tsuke. Kika ce sai an ja igiya daga lungu zuwa lungu a gicciye, sau biyu, in suka zo ɗaya to a tsaye take. Na ce boko ya taɓa ki. Washegari na je na auna ni kaɗai. Ashe rubu'in gonar Vitumbiko na cinye masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan na yi shiru, don na fi tsoron a yi mini dariya a kan a yi masa.

Lusungu, na bar miki igiyar. Littafi ma da ina da shi, da naki ne.

Na uku. Filina na wajen mangwaro na Vitumbiko ne duka. Wongani, kada ka ɗaure fuska, ba kai ka yi kuskuren ba, amma kai ka fi kowa jin daɗin sunan nan. Ka taka da ƙafarka ka je gidansa, shekara shida ba ku ci a kwano ɗaya ba.

Na huɗu. Akwatin gawata Lusungu ta auna shi a gicciye. Na gaji da karkata.

Vitumbiko, na sha zuwa ƙofarka da maganar nan, sai in ɓuge da tambayar awaki. Ka yafe mini in za ka iya.

Allah ya yi muku albarka, ya raya jikokina. Ku yi noma tare, ku ci tare, kada igiyata ta sake shiga tsakaninku.