Taswirar Zamfara Ta Daina Buɗewa

Gummi, 9 ga Oktoba, 2017

Zuwa ga ƙanena Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, Allah ya ƙara maka kwanciyar hankali a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa, geron Baba na Bukkuyum kuma ya yi kyau bana.

Ka san shekara biyar ke nan tun lokacin yajin aikin jami'a da muka zauna ni da kai muka ƙara ƙasar Zamfara cikin wasan kwamfutar nan na kafa daula. Bayan tafiyarka ni kaɗai na ci gaba. Na je Gwashi sau uku wurin Modibbo, dattijon makiyayin nan, ya nuna mini inda shanu ke bi da rani da damina, na sa duka a taswira, na bar wa duniya kyauta. Makon jiya kamfaninku mai wasan ya fitar da sabon ƙari na sayarwa da ake ɗora wa wasan, a kan ƙasashenmu, ya sabunta wasan, tun ranar nawa ƙarin na Zamfara bai sake buɗewa ba. Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto cewa in daina wahala, tunda na kamfani ya fito.

Ka ce mini a waya ba a hana kowa yin nasa ƙarin ba. Gaskiya ne, ba ku hana ba. Amma yanzu kiwo yana cikin ƙarinku, in na gyara nawa sai wanda ya sayi naku zai iya buɗe shi. 'Yan matan da nake koya wa kwamfuta a makaranta wa zai saya musu? Kuma duk sanda kuka fitar da wani, sai in shafe wata biyu ina gyara.

Ba zan ɓoye maka ba, ba wannan kaɗai ke ci na ba. Inna ta sa ƙanwarmu Habsu ta wanko hoton sunanka da ya fito a ƙarshen wasan, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata. Da maƙwabciyarmu Asabe ta ce to ni fa, Inna ta ce ai Munira ma tana ɗan taɓawa. Na yi dariya tare da su, na tashi na shiga ɗaki. Da Baba ya bar ni na tafi karatun nan lokacin da na samu gurbi, da ban san sunan wa za a wanko ba.

Kyautar ƙarin da ka aiko na sauke. Kwana biyu na yi ina neman aibinsa. Abin da na samu kawai shi ne kun sa Anka a gefen gulbin da ba nata ba. Sauran ya yi kyau ƙwarai, Abdulrashid, kuma wannan ya fi komai yi mini zafi. Na yi istigfari, ina kan yi.

Roƙona ɗaya ne: ka yi wa manyanku magana su bar ɓangaren kiwo a buɗe ga kowa. In sun ƙi, ka gaya mini da bakinka, kada in ji a wani wuri.

Inna da Baba suna sa maka albarka. Habsu, Mainasara da Kawu Gwadabe suna gaisuwa. Ka gaida Zinatu da jaririya.

Yayarka mai kishinka, mai kuma yi maka addu'a,
Munira