Farin Jirgin da Ya Shiga Hayaƙi

12 ga Agusta

Yaya Merle,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, yaya Anti Doris? Ina fata zafin Arizona bai takura muku ba. Ni lafiyata lau, ina ci ina sha, sai dai ba na jin ɗanɗanon komai.

Ka ji labarin gobarar daji. Gidanmu na nan, shanu ma sun tsira. Gidan maƙwabcinmu Baba Orval ne ya tafi, har rumbun ciyawa da duk kayan marigayiya matarsa. Na ɗauko shi daga makarantar da aka tara waɗanda wuta ta kora, na ba shi ɗakinka. Yana cin wake da burodin masara, yana kushe kofina. Kullum sai ya ce, "Yarinya, ruwan wanke-wanke kika dafa?" Shekarata hamsin da takwas, har yau yarinya nake a wurinsa.

Ga abin da na kasa faɗa maka a waya. Ranar Litinin da yamma na shirya tashi da jirgina yadda ka koya mini: mai, nauyi, iska, taswira, sai sanarwar hana shawagi. An hana shiga mil biyar kewaye da wutar, makiyayarmu kuma tana mil takwas. Talata da safe na tashi in gano inda shanu suke, ban sake duba sanarwar ba. Ashe iska ta juya, an faɗaɗa haramcin zuwa mil goma. Rediyona yana kan tashar filin jirginmu, don haka ba wanda ya same ni.

Ka san dokar. In baƙon jirgi ya shigo, jiragen da ke zuba wa wuta ruwa duk janyewa suke. Minti talatin da biyar suka yi suna jiran in fita. A cikinsu wutar ta tsallake rafi ta kama gidan Baba Orval.

Ban yi kuka ba. Na zauna na jira kukan ya zo, bai zo ba.

Ƙanwarka,
Lorna

23 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ku, Allah ya ƙara maka sauƙi. Wasiƙarka ta iso. Ka ce in ja bakina in yi shiru, wai ko da jiragen suna nan wutar na iya tsallakewa. Mai yiwuwa. Na lissafa shi ta kowace fuska, amsar ba ta canza mini komai ba.

Ba wanda ya ga lambar jirgin, hayaƙi ya rufe ta. Abin da aka sani kawai ƙaramin jirgi ne fari, fararen jirage kuwa bakwai ne a filinmu. Baba Orval ya mayar da zancen abin hirarsa a teburin cin abinci. Jiya ya ɗora laifin wa likitan haƙori mai ɗaya daga cikin jiragen, shekaranjiya wa wani ɗan birni mai zuwa farauta. Ya ce, "In na kama sakaran nan, da wannan cokalin zan ƙwaƙule masa ido." Ya dube ni ya yi dariya. "Ke kam na cire ki. Ke da kike leƙa tankin mai sau uku kamar an ce miki yoyo yake?" Na ƙara masa wake.

Ya fara sabawa da gidan, Yaya. Ya gyara ƙofar baya da ka bari shekara goma tana kuka. Ya san inda nake ɓoye sukari. Ɗansa ya kira daga Seattle ya ce ya dawo wurinsu, Baba Orval ya ce masa ina, shi yana da gida a nan.

Gadar hanyar gidansa ta ƙone, mota ba ta shiga. Ya roƙe ni, ranar da aka ɗage haramcin in ɗauke shi ya ga wurin ta sama. Na ce to.

Taka,
Lorna

2 ga Satumba

Yaya Merle,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da Anti Doris kuna lafiya. Ban bi shawararka ba, ka yi haƙuri.

An ɗage haramcin ranar Juma'a. Na duba sanarwar da yamma, na duba da safe, na sake kira ina zaune cikin jirgin. Muka tashi da Baba Orval ƙarfe tara. Kwarin duk ya yi baƙi, bututun hayaƙin gidansa kaɗai ke tsaye. Muna zagaye na biyu na faɗa masa, ban kalle shi ba. Muryata ta fito kamar ina karanta rahoton iska. Na ce farin jirgin nawa ne, na faɗa masa mil biyar da mil goma, da mintunan.

Ya leƙa ƙasa ta taga. Can ya ce, "Sauko ƙasa kaɗan, ban ga rijiyar ba." Na sauko, ya gani, muka juyo.

Da muka sauka na kashe inji, na ce masa Litinin zan kira hukumar jiragen sama in miƙa lasisina. Bai zage ni ba, Yaya, da ma ya zage ni. Ya kwance bel ɗin kujerarsa a hankali, ya zauna yana kallon hannuwansa. Ya ce, "Lorna, wa ya tambaye ki? Da kin bar ni da likitan haƙorina. Yanzu ina kike so in kwana?"

Ɗansa ya zo jiya ya tafi da shi. Kayansa duka leda biyu ne. Na tsaya a ƙofa har motar ta hau titi, bai juyo ba.

Ka gaida Anti Doris.

Ƙanwarka,
Lorna