Bangon da Orest Ya Gina

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yau suka gaya mini a asibiti. Mijina Orest zai iya dawowa gida, amma da sharaɗi. Ranar Juma'ar mako mai zuwa Jocelyn, wadda ke koya masa tafiya tun da ɓarin jikinsa ya shanye, za ta zo duba gidan. Banɗaki ta fi matsawa a kai: dole a kafa ƙarfen riƙewa a bangon baho, mai ƙarfin da zai ɗauki nauyinsa in ƙafa ta zame. In babu, ba za ta amince ba. Su kuma gadon suke bukata, sai a tura shi gidan kula da tsofaffi, duk inda aka fara samun gurbi.

Ƙarfe ɗaya tal. Na ce mata ai wannan ba abin damuwa ba ne.

Na gaya masa. Kalma biyu ce ta rage a bakin mijina, "to" da "a'a". Yau "to" na samu, har da matse hannu.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na kira masu gyaran gida har kunnena ya yi zafi. Kowa sai bayan Kirsimeti. Wani ma dariya ya yi mini.

Tun da muka yi aure ma'aikaci bai taɓa taka gidan nan ba. Komai Orest. Ni almakashi na sani da gashin mutane, shi ke nan. Tanis ta kira daga Calgary. "Mama, ki je babban kantin kayan ginin nan mana, ai aikinsu ke nan, za su nuna miki." 'Yata ta iya ba da shawara daga nesa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na je. Wurin ya fi cocinmu girma nesa ba kusa ba, kuma duk mai rigar kanti da na hango, kafin in isa ya sha kwana. Daga ƙarshe na kama wata, Shawna, gashi ya sha rini har ya ƙone. Na yi mata bayani. Ta ce, "Ayya, Madam, kar ki wahalar da kanki da huda bango. Ga mai mannewa, ki danna a kan tayil, ki ja wannan ɗan kunnen, an gama. Kakata shi take amfani da shi."

Na tambaye ta ko zai ɗauki babban mutum. Ta juya kwalin ta karanta mini abin da ni ma zan iya karantawa. Sai da na biya na ji ana kiranta a lasifika ta koma sashen fenti. Ashe can ne wurinta.

Na manna shi. Ya yi kyau, ba ƙarya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Da safe na sami ƙarfen kwance a cikin baho. Ba wanda ya taɓa shi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na koma. Yau wani dattijo na samu a sashen famfo, Gord, furfura tsaf, fensir a bayan kunne. Da ganinsa hankalina ya kwanta. Ya kalli abin da Shawna ta sayar mini ya girgiza kai. "Wa ya ba ki wannan? So ake a kashe miki miji?"

Ya ce bangon gida ba komai a cikinsa sai iska, allon filasta ne kawai aka rufa a kan katakai. Dole noti ya shiga katako. Ni da na tsufa a gidan nan ban taɓa sanin haka ba. Ya ce, "Daga kusurwa ki auna inci goma sha shida, akwai katako. Ki ƙara goma sha shida, akwai wani. Duk ƙasar nan haka ake gini, Madam, ko makaho zai same shi." Ya haɗa ni da ƙarfe na gaske, da bakin huda tayil, da wata 'yar na'ura da ke ƙara in ta ji katako a bayan bango.

Na fito ina jin kaina kamar injiniya.

Da yamma na kai wa Orest miyar kabeji na ba shi labari. Da na ce inci goma sha shida sai ya ajiye cokali. "A'a." Na ce haba tsoho, mutumin ya san aikinsa. "A'a. A'a." Yana bubbuga gefen gado da hannun hagu, fuska ta yi ja. Shi ya gina bangon nan da kansa, shekarar da aka haifi Tanis. Akwai abin da yake so ya faɗa, ina ganin maganar a idonsa, ta ƙi fitowa. Na ba shi takarda da biro, ya ja layi biyu a karkace, ya jefar da biron.

Na zauna a mota na yi kuka kafin in tayar.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Injin hujinsa na ɗauko daga gareji. Nauyi kamar me. Wuyan hannuna da ma almakashi ya gama da shi tuntuni.

Na auna goma sha shida, na huda. Iska. Na matsa gefe kaɗan, iska. Ramuka huɗu a tayil ɗin da ya zaɓa da kansa. Sai na tuna da na'urar. Na bi bango da ita a hankali, can kusa da kan famfo ta yi ƙara, fitila ta yi ja. Na ce alhamdu lillahi, na danna injin da duk ƙarfina.

Bututun ruwa ne.

Ban san inda ake kashe ruwan gidan ba. Ban sani ba! Na sauka ɗakin ƙarƙashin gida ina murɗa duk abin da ke murɗuwa, ruwa yana bin bango yana ɗiga a kaina ta silin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mai gyaran famfo ya zo, tunda shi wannan na gaggawa ne. Ya yanke bango, ya ɗaure bututu. Ya haska tocila cikin ramin ya yi fito. "Wa ya yi miki wannan aikin?" Na ce mijina. Ya ce, "To, mijinki da ragowar katako ya yi shi, inda ya ga dama ya sa. Wasu ma a kwance suke. Ba goma sha shida, ba goma sha komai." Inda Jocelyn take son ƙarfen kuwa, babu katako ko ɗaya.

Abin da Orest yake ta ce wa a'a ke nan.

Na roƙe shi ya kafa mini ƙarfen. Ya ce shi ruwa ne aikinsa, in tsoho ya faɗi a kan aikin da ba nasa ba, kotu za ta neme shi. Ya toshe ramin da guntun allo ya tafi.

Ban je coci ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba

A asibiti na tarar ana ɗaga Orest daga gado zuwa kujera. Ma'aikata biyu, ƙarti, da ɗamara a ƙugunsa, amma sai da suka yi nishi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannuwana. Kaina bai wuce kafaɗarsa ba ko a ranar aurenmu. In ya dawo gida, ni kaɗai zan riƙa ɗaga shi.

Ba zan yi wannan tunanin ba yanzu.

Talata, 12 ga Nuwamba

Kanti kuma. Na nemi Gord in gaya masa abin da shawararsa ta jawo. Na shirya maganata tun daga gida, mai zafi. Da na same shi bai ma gane ni ba. Na ba shi labari, ya ce, "Ai na'urar tana ƙara a kan bututu ma, kowa ya san wannan." Kowa ban da ni ke nan. Kuma wai tsohon gida ba a yi masa lissafin goma sha shida, da na faɗa masa tsoho ne. Na faɗa masa. Na rantse na faɗa masa.

Duk maganar da na shirya ta gudu. Sai ji na yi ina cewa, to yanzu yaya zan yi?

Ya ɗauko wasu notina masu fukafukai, in sun shiga rami sai su buɗe ta baya su kama allon. "Wannan ba ruwansa da katako. Ko saniya kika rataya ba zai motsa ba." Na ce bangon fa ya sha ruwa. Ya ce, "Ranar Asabar? Ai ya bushe tuni." Wani abokin aikinsa mai gemu yana wucewa ya ce shi dai da gam zai haɗa. Gord ya ce gam na 'yan koyo ne. Suka tsaya musu a kaina kamar ba na wurin, daga nan suka koma hirar wasan ƙwallon ƙanƙara na jiya.

Na sayi notinan. Na sayi gam ɗin ma. Me zan yi? Su ke sanye da rigar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ya kafu. Yini guda na yi. Na ja da hannu biyu, na rataye jikina a kai, bai motsa ba. Amma ni nawa nake?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na yi shara, na naɗe dardumar zaure kamar yadda Jocelyn ta ce, na wanke zanen gadonsa. Na yi masa aski a asibiti, gashin ya taru a ƙeya. Na ce gobe ne, tsoho. Ya riƙe wuyan hannuna ya daɗe bai saki ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Jocelyn ta zo da safe. Yarinya mai kirki, ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta yaba zaure, ta yaba ɗaki. Ta shiga baho da safa, ta kama ƙarfen, ta ce, "Haka zai yi in ya zame," ta saki jikinta baya gaba ɗaya.

Ƙarfen ya fito da tayil biyu da wani ɓangaren bango. Allon ciki ya jiƙe ya zama kamar kunu. Ta faɗi zaune a baho, ƙarfen a cinyarta.

Ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce ba laifina ba ne, sai an buɗe bangon an sa katako na gaske. Ta ce ba rufe ƙofa aka yi ba, duk ranar da aka gyara in kira ta, za ta dawo ta duba, a maido shi gida. Amma gadon asibiti ba zai jira ba.

Da na ga ƙarfen a hannunta wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ban san sunansa ba. Gajiya ce.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An kai shi gidan tsofaffin. Can ƙetaren kogi, ɗaki ɗaya da wani tsoho mai tari. Tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya juya fuska bango.

Na ce na ɗan lokaci ne, Orest. Na faɗa sau da yawa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Tanis ta kira tana kuka, wai yaushe za a gyara. Na ce ina nan ina tambaya. A gidan tsofaffin suna da injin ɗaga mutum, da kujerar wanka mai taya, da ma'aikata dare da rana. Na ga yadda suka yi masa wanka. Ko gumi ba su yi ba.

Ina wanka a banɗakin ƙarƙashin gida. Na rufe ƙofar na sama.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na biya kanti, kwan fitila kawai na je saye. Ƙafa ta kai ni layin kayan banɗaki. Wata sabuwa ce a wurin, Manpreet, dogon kitso ɗaya har gadon baya, gashi mai lafiya. Na ba ta labarin tun daga farko, ban san dalili ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Gaskiya, Anti, ni ban san aikin bango ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ai muna da masu zuwa gida su yi, ga teburinsu can kusa da ƙofa. Ba wanda ya gaya miki?"

Ba wanda ya gaya mini.

Ta je da kanta ta tambayo. Ta dawo da murna har tana haɗawa da gudu. Wani ya fasa, akwai gurbi ranar Alhamis. Za su buɗe bangon, su sa katako, su kafa ƙarfe, yini ɗaya. "Kafin Kirsimeti yana gida, Anti! In sa sunanki?"

Na tsaya ina juya kwan fitilar a hannuna. Na ce bari dai in ƙara jin ta bakin Gord tukuna, shi ya san tarihin aikin.

Ta ce Gord ya tafi hutu, sai bayan sabuwar shekara.

Na ce ba komai, zan jira shi.