Na Ga Kawu Habu a Bakin Teku

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaishe ki da kyau. Ya maigida da yara? Ya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki, sai godiya.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta. Ranar Juma'a na tuƙa maigidana da iyalinsa zuwa wani ƙauye a bakin Bahar Maliya. Da suka shiga hutawa, na bi wata 'yar hanya ta saman dutse, teku na can ƙasa. Garin tsit, sai ƙarar ruwa. A ƙarshen gidajen na tarar da wani tsoho yana gyaran ragar kamun kifi. Na yi masa sallama, ya ɗago, sai na ga tsagar gidanmu a kumatunsa. Da Hausa ya ce, "Ɗan wa ne kai?"

Ina ambaton sunan Inna ragar ta suɓuce masa. Kawu Habu ne, Yaya, ƙanin Inna da aka ce ya rasu a Mina wajen aikin Hajji tun ba a haife ni ba, wanda muke yi wa sadaka duk azumi. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

Ya ce, "Takarduna na rasa, na ɓuya. Shekaru suka tafi, kunya ta hana ni komawa. Kada ka faɗa mata."

Ban yi masa alkawari ba. Ke ce kusa da Inna, kin san abin da zuciyarta za ta iya ɗauka, ki ba ni shawara. Ku sa mu a addu'a. Ki gaida kowa. Inna kuwa, gaisuwa kawai za ki isar mata tukuna.

Ƙaninki,
Sani