Koren Sabulun da Na Saya wa Ari

Baba,

Assalamu alaikum. Jiya Laraba alƙali ya saki mutumin da ya sare ka, sakin wucin gadi kafin a zauna shari'a. Ya koma ƙauyensu a bayan garin Dogo. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma tun ina yarinya ina karatu a lakwal kai nake fara kai wa labari kafin kowa.

Na karanta takardar likita sau biyu. Sara uku da adda: ɗaya a hannun dama da ka kare fuskarka, ya raba ƙashi, ɗaya a kafaɗa, na uku a wuya, shi ne ajali. Duk a kan guntun ƙirya da ka je sara don turmi, shi kuma ya ce a gonarsa take. Shekara tara ina karanta irin wannan labari a gidan rediyo muryata ba ta rawa. Naka ban iya ba, wani ya karanta.

Inna tana nan, ta rame. Turame biyu da ka bari ba ka gama ba suna nan cikin zaure.

Ari ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san ƙanen nawa ya ƙi sassaƙa tun yana yaro, ya kama kabu-kabu da babur. Bayan sadakar arba'in sai ya buɗe akwatinka, ya jera gizago da gatari da ƙananan wuƙaƙe, ya ce in nemo masa koren sabulun nan da kake gogawa a fata kana gyara bakin ƙarfe, naka ya ƙare. Na yi murna, Baba. Na ɗauka sana'arka ce ta sami magaji.

Kwana uku ina nema kamar mai bin diddigin labari. Wani mai shagon kayan ƙarfe a Zango ya ba ni baƙi, na tuna ka ce baƙin yana da kaushi, na cire tsatsa ne. Maƙerin azurfa ya nuna mini ja, ya faɗa mini gaskiya cewa ba ya cin ƙarfen gatari, ƙyalli kawai yake sa wa zobe. Wani ya miƙo kore mai kyan gani, na kankara da farce, ashe kakin kyandir ne aka rina. Na ainihin a wurin wani tsohon wanzami na same shi. Na gwada yadda ka koya mini: na shafa a bel ɗinsa na fata, na ja aska baya-baya sau goma, fatar ta yi baƙi. Yana cin ƙarfe ke nan. Na kawo wa Ari da hannuna.

Sati biyu ina jin sa a zaure yana jan ƙarfe a fata. Shekaranjiya na leƙa. Wuƙaƙen cokali da na allo suna nan yadda ka bar su, bai taɓa su ba. Gatarin kawai yake wasawa, ya siranta bakinsa har yana aske gashin hannunsa da shi.

Wa ke kai gatarin saran ƙirya ga koren sabulu? Kai dutse kawai kake ba shi, ka bar bakin da kauri, don sirantaccen baki sara ɗaya a itace mai tauri yake ɓallewa. Ari ya sani. Ni ma na sani. Wannan kaifi ba na itace ba ne.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na gane, ban yi magana ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallon bakin gatarin, na ga wuyan mutumin nan a raina, na ga inda zai shiga da inda zai fita, na ji sanyi a zuciyata. Kwana ɗaya cur na bar Ari da gatarin. Wace irin 'ya ce wannan da ka haifa? Da kana raye, da wane ido za ka dube ni?

Yau bayan sallar asuba babur ba ya nan, gatari ba ya nan. Inna ta riƙe hannuna ta ce kada in tona asirin ɗan'uwana. Na zame hannuna na kira jandarmomi, na ba su sunansa da lambar babur da launin rigarsa. Inna ba ta sake dubana ba. Gara in riƙa kai masa tuwo gidan kaso wata guda da in karanta sunansa a labarai a matsayin mai kisa, ko in ji dangin mutumin sun yi masa abin da aka yi maka.

Ka yafe mini sabulun, ka yafe mini shirun. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Da azahar an kira ni an ce an tsayar da wani mai babur da gatari cikin buhu, kafin a shiga Dogo. Har yanzu ba a tabbatar mini ko Ari ne ba.

'Yarka ta fari,
Fanna