Saniyar Ostap

Horodnik, 3 ga watan Adar

Zuwa ga yayana Malam Zundel, a Lemberg.

Salama a gare ka da iyalinka. Ina fatan tarin da ya dame ka ya lafa.

Ka san yadda Ostap da mutanensa suka fasa gidajenmu da kaka. Makon jiya sojoji suka tarwatsa su, shi kuma ya tsere daji. Samarinmu, har da ɗana Lazar, suka haura ƙauyensu karɓo kayanmu. Sun dawo da bargunanmu da tukwanenmu, sun kuma dawo da abin da bai taɓa zama namu ba. Dattawa suka raba a harabar majami'a bisa ƙa'idar Sarki Dawuda, cewa wanda ya tsare gida rabonsa ɗaya da na wanda ya fita. Ni da ban ɗaga ƙafa ba aka ba ni saniyar Ostap, domin nonon surukata Perla ya ƙafe tun ranar farmakin, jikata Mirel kuma kullum ramewa take yi.

Kwana uku ke nan saniyar tana kuka, saboda an baro maraƙinta can. Na ce wa Lazar zuciyata ba ta kwanta ba. Ya ce, "Inna, da kakanninmu suka fita daga Masar, hannu wofi suka fita? Ko so kike a rubuta sunanki a layin annabawa?" Na ce ya kiyaye harshensa. Ya ce, "To ki shayar da Mirel tsoron Allah, mu ga ko za ta yi ƙiba."

Ga halin da nake ciki, Yaya. Ina tatsar saniyar, yarinyar tana sha, ni kuma na kasa yin addu'ar godiya a kan madarar. Ka faɗa mini abin da Littafi yake nufi da ganima, kuma kada ka sassauta mini don ni ƙanwarka ce.

Ƙanwarka mai girmama ka,
Hinda

Lemberg, 11 ga watan Adar

Ƙanwata Hinda,

Salama. Tarin yana nan, mun saba da juna.

Tun kina yarinya kike kawo mini tambayar da kin riga kin amsa. Duk da haka ga abin da na sani. Abin da aka ɗauko daga Masar ladan bauta ne na shekaru, kuma da baki aka roƙa, ido da ido, aka bayar. Dawuda ya raba ganima, gaskiya ne, amma maharan ya bi ya ci da yaƙi. Su Lazar wa suka tarar a ƙauyen? Mutumin nan mai suna Akan ya binne tasa ganimar a ƙarƙashin alfarwa, ta hallaka gidansa. A zamanin Sarauniya Esta kuwa, wadda za ku karanta labarinta a idin jibi-jibin nan, sarki da kansa ya ba kakanninmu izinin kwasa, suka kare rayukansu, suka ƙi taɓa kayan kowa.

Amma ki ji wannan da kyau: ran jaririya yana gaban duk waɗannan. Idan babu wata madara, saniyar ta halatta gare ki har yarinyar ta murmure, ba kuma malamin da zai tuhume ki. Abin da nake tsoro shi ne ki mai da ita don a ce Hinda ta fi kowa. Ki binciki wannan kafin ki kwance igiya.

Yayanki,
Zundel

Horodnik, 17 ga watan Adar

Yaya mai daraja,

Salama a gare ka. Na binciki kaina kamar yadda ka umarta, na kuma sami girman kan da ka ambata, yana nan zaune. Amma na tambayi Lazar wa suka tarar a gidan Ostap. Ya ce, "Matarsa Odarka, da yara huɗu." Ke nan abin da ya same mu da kaka shi muka kai musu.

Washegarin idi na ja saniyar zuwa gidan Ostap da rana tsaka, don kada a ce na ɓoye. Dattijo Hershel mahauci ya tare ni a bakin rijiya. Ya ce, "Hinda, idan gida ɗaya ya mayar, sauranmu mun zama ɓarayi ke nan. Kin san haka?" Na ce na sani, kuma ban kira kowa da wannan suna ba. Ya ce, "Ba sai kin kira ba, saniyar za ta kira."

Odarka ta fito da gatari a hannu. A kafaɗarta akwai mayafin mahaifiyarmu, mai shuɗin baki, wanda Inna take rufawa in za ta kunna kyandir ɗin Asabaci, ranar hutunmu. Maraƙin ya ruga ya kama nono. Muka tsaya muna kallonsa, domin ya fi kallon juna sauƙi. Ta ce, "Me kike so?" Na ce kofi biyu na madara kowace safiya, saboda jaririya. Ta ce za ta aiko. Na ce shari'armu ba ta yarda mu sha madarar da ba a tatsa a gaban idonmu ba. Ta yi wata gajeruwar dariya, ta ce, "To sai ki riƙa zuwa, kujerar tatsa tana can."

Lazar bai yi mini magana ba tun ranar. A majami'a matan da ke bencina sun koma na baya.

Ƙanwarka,
Hinda

Horodnik, 2 ga watan Nisan

Yaya,

Salama. Mirel ta fara cika hannu. Kowace safiya ina haurawa in zauna a gidan mutumin da ya ɓalle ƙofata, in tatsa, in yi addu'ar godiya a bayyane. Jiya na ga tunkiyar da aka ba gwauruwa Gitel ɗaure a shingen wani gida a ƙauyen. Ashe ita ma ta mayar da nata rabon.

Mayafin Inna yana kafaɗar Odarka har yau. Namu ne, kuma ka ce da baki aka roƙa a Masar. Gobe zan roƙa, bayan na gama tatsa, don kada ta zaci farashin saniyar ne.

Ka yi mini addu'a muryata kada ta yi rawa.

Ƙanwarka,
Hinda