Layi Mai Ruwan Goro

Funtua,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Fiddausi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Bature da yara. Yaya zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Allah Ya tsare ku, Ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Jikin Inna da sauƙi, an auna jininta a makon nan ya ɗan sauka, sai dai har yanzu ba ta yarda a sa sakata a ƙofar zaure sai ta leƙa titi da kanta. Ɗan'uwanmu Mahadi ya gama cire masararsa a Mahuta, bana ta yi kyau. Kakarmu Tsohuwa na nan tana faɗa da kowa a kan awakinta.

Yaya, na rubuto ne saboda wayar da na yi miki ranar Laraba, na ce na ga alamar Yaya Ubaidu, kuka ya ci ƙarfina na kashe. Na ga saƙonki cewa za ki hau mota, kuma za ki kira Inna ki yi mata albishir. Don Allah kada ki yi ko ɗaya. Ki karanta wannan har ƙarshe, zan faɗa miki abin da na gani daidai yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Kin san tun da na gama hidimar ƙasa Oga Kayode ya ɗauke ni a ƙaramin kamfaninsa da ke ba shaguna da rumbunan hatsi intanet, daga nan Funtua har ƙauyukan wajen Malumfashi. Tare suka taso da Yaya Ubaidu a unguwa ɗaya, shi ya sa ya ba ni kujera da kwamfutar da Yaya Ubaidu ke aiki da su a wurin. Aikina shi ne in zauna ina duba wata manhaja da ke nuna duk abin da ke wucewa tsakanin wayoyin mutane da eriyoyinmu. Kowane ɗan saƙo layi ɗaya ne a fuskar kwamfuta, kuma gudu suke kamar ruwan kwata bayan an yi sama, ido ba ya iya bin su. Saboda haka ake ba su launi. Akwai ƙa'idoji jere, kowace da sunanta da sharaɗinta da launinta. Abin da nake so ki riƙe shi ne, na'urar daga sama take fara karantawa. Ƙa'idar farko da ta dace da layi ita ke ba shi launi, na ƙasa da ita ba a ko duba su.

A tsarin da Yaya ya bari, ja ne a can sama, ga duk wayar da ta nemi shiga aka hana ta. Yanzu waɗanda rajistarsu ta ƙare sun yi yawa, sai allon ya cika da ja, matsalar gaske ta ɓace a ciki. Na nemi izinin Oga in gyara. Ya ce ba wanda ya taɓa tsarin nan tun ranar da Yaya ya fita gyaran eriya bai dawo ba, amma in yi abin da aiki ya ce. Na fara ajiye kwafin tsarin yadda yake, sannan na sauko da jan zuwa ƙasa. Iyakar abin da na yi ke nan.

Da hantsi ne, ina shan kunu, sai layi ɗaya mai ruwan goro ya gilma. Ba na cikin launukan da suka zo da manhajar ba ne, mutum ne ya zaɓe shi. Na tsayar da allon na danna layin, don idan an danna yana nuna sunan ƙa'idar da ta rina shi. Yaya, abin da aka rubuta shi ne "Ni ne". Kin tuna yadda yake ƙwanƙwasa ƙofa, Inna ta ce wane ne, ya ce ni ne, ita kuma ta ce ita ba ta haifi wani mai suna Nine ba. Na ajiye kofin. Ofishin ba kowa, fanka na juyawa, ga kujerarsa ina kai, ga wurin da gwiwar hannunsa ta goge fentin teburin.

Ban yarda da idona ba, sai na buɗe ƙa'idar na karanta sharaɗin. Ba a kan lambar da ake kira ya ɗaura ta ba, ba kuma lambar aro da eriya ke rabawa kullum ba, wadda za ta iya faɗawa hannun kowa. A kan lambar jikin wayar ce, wadda waya biyu ba sa tarayya a kanta. Sai na buɗe tsofaffin fayilolin da muke ajiyewa. Da yake yanzu jan ya kauce, ruwan goron ya fito a cikinsu tun daga farkon damina, kullum a eriyar Gozaki, kullum da hantsi. Wayar takan nemi shiga, a hana ta saboda an rufe rajistar Yaya, ta sake nema, a sake hana ta. Watanni tana ƙwanƙwasa ƙofa, mu kuma muna shafa mata ja muna wucewa. A wannan halin na kira ki.

Da na nuna wa Oga Kayode, ya cire tabarau ya sake duban allon. Daga baya ya ce kada Inna ta ji sai mun je, gani ya kori ji. Washegari muka kama hanyar Gozaki a motarsa, kwamfuta a cinyata. Muka tsaya gefen rumbun hatsi da ke gindin eriyar, inda ake loda masara. Layin ya fito kamar yadda ya saba. Na riƙa duban fuskokin maza ɗaya bayan ɗaya, 'yan dako, masu babur, har wani dogo da ya juya mini baya na zaci shi ne. Ba shi ba ne. Kama da wane ba wane ba ce. Oga ne ya taɓa gilashin motar ya nuna mini injin niƙa, ya ce in duba waccan mai tsaye da ƙwarya.

Anti Amina ce, matar Yaya. Na san sarai ta koma gidansu a Gozaki tun farkon damina, ni na taya ta ɗaure kaya, amma ban haɗa biyun ba, don zuciyata ta riga ta zaɓi abin da take son gani. Muka gaisa, ta yi mamakin ganinmu. Na tambaye ta ko akwai wata waya a jikinta ban da tata. Ta kwance gefen zani ta fito da tsohuwar wayar Yaya, mai tsagaggen gilashin nan. Ashe da ya sayi sabuwa ya bar mata wannan da tsohon layinsa a ciki, ƙa'idar kuma tun zamanin tsohuwar ya rubuta ta bai canza ba. Ta ce kullum sai ta kawo ta caji a shagon da ke kusa da injin, ba ta bari ta mutu. Ta ce duk duniya wannan lambar kaɗai ya haddace, ko tata bai taɓa riƙewa ba, sun sha faɗa a kan haka, yana cewa ai waya ke riƙe lamba ba miji ba. Ta yi 'yar dariya. Ta ce idan wani bawan Allah ya ara masa waya ko na minti ɗaya, wannan zai buga, ba ta so ya ji ta a kashe.

Ta tambaye ni ko na'urar tana iya ganin inda yake. Na faɗa mata gaskiya, cewa ba ta ganin komai sai abin da ya zo kusa da eriyoyinmu, kuma ko ta gani, waya take gani ba mutum ba. Wannan shi ne abin da ya kamata in tuna kafin in kira ki. Saboda haka, Yaya, ba mu da wani sabon labari. Ba labarin rai, ba na mutuwa. Idan Inna ta ji an ga alama, ta tashi, sannan aka ce mata ba shi ba ne, ina tsoron jininta ba zai ɗauka ba. Ki bar ta da addu'arta.

Oga ya sa an sake buɗe rajistar, yanzu tsohuwar wayar tana shiga ba a hana ta. Ban goge ƙa'idar Yaya ba, ban kuma canza mata suna ba. Amma na koma fayilolin kafin tafiyarsa, na nemo lambar jikin sabuwar wayar, wadda ya fita da ita, na duba ta harafi harafi, na rubuta mata tata ƙa'idar. Na sa ta a can sama, bisa kowace, yadda babu launin da zai sake rufe ta. Anti Amina ce ta zaɓi launin, ta ce tsanwa, irin na ganyen masara sabon tsiro. Da na zo wurin rubuta suna na rasa abin da zan sa, sai na rubuta "Shigo". Har yau launin bai fito ba. Kowace safiya shi nake fara nema kafin in duba aikin da ake biyana dominsa. Da hantsi kuma idan ruwan goron ya gilma ya ce ni ne, na san Anti Amina ce ta zo niƙa, duk da haka sai na ɗaga kai na dubi ƙofa.

Ki gaishe mini da Alhaji Bature, da Ummaru da ƙannensa, ki ce wa Ummaru ya dage da karatu. Inna tana gaishe ku, ta ce a aiko mata da hoton yaran. Tsohuwa da Mahadi suna gaisuwa. Ki kira Anti Amina ki gaishe ta, amma a tata lambar, kada ki buga waccan. Allah Ya bayyana mana Yaya Ubaidu cikin alheri, Ya ba mu haƙurin jira.

Taki ƙanwa,
Shafa'atu